Asirin Da Muka Miƙa Da Hannunmu

Wannan karon alƙalami ya faɗo hannunmu, muna kuma godiya ga shugabannin zaure da suka ba mu dama. Tun farko mu nemi afuwa, rubutun zai ɗan yi tsawo, domin abin ya daɗe yana ci mana tuwo a ƙwarya.

Akwai wani ɗan uwa a ƙungiyarmu ta marubuta, ba za mu kama suna ba, wanda ba ya fashin zaman karatun da muke yi a Asabar ɗin ƙarshen kowane wata. Shi ne mai zuwa da wuri ya share ajin da aka ara mana, ya jera bencina. Bara da damina mahaifiyarsa ta kwanta asibiti, aka rubuto magani, aljihu kuma babu nauyi. Dare ya yi, ya rasa wanda zai tunkara, sai ya sauke ɗaya daga cikin manhajojin nan masu ba da bashi nan take. Naira dubu goma sha biyar ya karɓa. Kafin su ba shi sun nemi izinin duba lambobin da ke cikin wayarsa da hotunansa, shi kuwa ya danna musu bai ko tsaya ba. Wanda uwarsa ke kwance, ina ya ga lokacin karanta sharuɗɗa?

Ranar biya ta zo ta wuce da kwana shida. A rana ta bakwai da hantsi, saƙo ya shigo wayoyinmu kusan a tare. Hotonsa ne da cikakken sunansa, an rubuta da Turanci cewa ɓarawo ne mai gudu da kuɗin mutane, duk wanda ya san shi ya yi hattara. Mu 'yan ƙungiya mun samu. Malaminsa na Islamiyya ya samu. Ubangidansa a shagon da yake aikin buga takardu ya samu. Mahaifin yarinyar da aka sa musu rana, shi ma ya samu. A yammacin ranar ya haɗa kuɗin ya biya har da kuɗin ruwan da suka ɗora, amma magana zarar bunu ce. Wata uku ba mu sa shi a ido ba.

A zaman da ya biyo baya ba a yi karatun kirki ba. Kowa sai kumfar baki yake yi, wannan ya tsine, wancan ya ce a kai ƙara. Akwai wani dattijo a cikinmu, tsohon malamin makaranta, da dukkanmu muke kira Baba Malam. Ya bar mu muka gama, sannan ya gyara zama.

"'Ya'yana, na ji fushinku, kuma kuna da gaskiya. Amma ku ba ni amsa. Lambata da taku, ta yaya mutanen nan suka same su?"

Muka ce, "Baba, ai a wayarsa suka kwasa."

"Da izininsa ko ba da izininsa ba?"

Muka ce da izininsa.

"To madalla. Kowa ya fito da tasa wayar, ya duba manhajoji nawa ya ba irin wannan izinin."

Muka duba. Mu da ke wannan rubutu, masu taƙama da difloma har muna saita wa mutanen unguwa waya, mun ƙirga manhaja goma sha ɗaya masu izinin shiga lambobin mutanenmu, da tara masu sanin inda muke dare da rana. Har da wata ta wasan haɗa kalmomi da muka manta ranar da muka sauke ta. Ajin ya yi tsit. Lambar Baba Malam tana cikin wayar kowannenmu, kuma babu wanda ya taɓa neman yardarsa kafin ya miƙa ta.

Tun daga ranar tunani guda ya hana mu sakat. Mai bashin nan ƙaramin ɓarawo ne, rashin wayonsa ya sa ya yi ihu har muka gan shi. Abin da ya kwasa a wayar ɗan uwanmu cikin dare guda ɗigo ne a kan abin da manyan kamfanonin intanet suke tarawa a kanmu shekara da shekaru. Su ba sa turo saƙon cin mutunci, shi ya sa muka saki jiki da su.

Abin mamaki, mu mutane ne masu riƙon sirri. Kakanninmu sun gina gida da zaure domin baƙo ya tsaya a nan, kada idonsa ya kai tsakar gida. Mace takan ɓoye cikinta har sai ya bayyana kansa. Matafiyi ba ya shelar ranar tafiyarsa. Ɗan kasuwa ba ya faɗin jarinsa ko ga amininsa. Tun muna yara ake gaya mana ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Idan kuwa Bahaushe ya tashi yi maka addu'ar da ta fi kowace, sai ya ce Allah Ya rufa asiri. Amma waya ta wuce zaure, ta wuce tsakar gida, ta shiga har ƙuryar ɗaka, tana kwana a ƙarƙashin matashin kanmu. Ciwon da muke jin nauyin faɗa wa likita mun rubuta shi a akwatin bincike da ƙarfe biyun dare. Wadda muke so kuma ba mu faɗa wa kowa ba, shafinta ya san sau nawa muka leƙa shi.

Bari mu ɗan tsaya a kan yadda cinikin yake, domin da yawanmu har yau mun ɗauka kyauta ake ba mu Facebook da WhatsApp da Gmail da YouTube. Banza ba ta kai zomo kasuwa. Kamfanin Meta, wanda ya mallaki Facebook da Instagram da WhatsApp, ya samu kuɗin shiga sama da dala biliyan 164 a shekarar 2024, kuma kusan dukkansu daga talla suka fito. Google ma da talla ya fi samun kuɗi. Mai talla kuwa ba ya biyan kuɗi don a nuna hajarsa ga kowa da kowa. Yana biya ne don a kai ta gaban wanda ake kyautata zaton zai saya: budurwa a Kano mai shirin aure, ko matashi a Kaduna mai neman aiki, ko magidancin da ya fara binciken maganin ciwon suga. Kafin kamfani ya iya yi masa wannan alkawari, dole ya san mu ciki da bai. Ke nan mu ne hajar da ke kan faifai, masu talla su ne masu saye.

Me suke tarawa? Shekarunmu, garinmu, irin wayarmu, da layin da muke amfani da shi. Abin da muka so, wanda muka tura, bidiyon da muka tsaya muka kalla har ƙarshe, da wanda muka wuce. Su wane ne abokanmu, su wane ne abokan abokanmu. Shafuka da manhajoji masu yawa da ba nasu ba ma suna ɗauke da 'yan na'urorinsu na leƙen asiri a ɓoye, masu kai musu rahoton mun shigo mun duba kaza. Mukan ji 'yan uwa suna rantsuwa cewa waya tana sauraron hirarsu, domin sun yi zancen atamfa sai ga tallar atamfa. Kamfanonin sun sha musanta wannan. Mu abin da ya fi ba mu tsoro shi ne, ba sa ma buƙatar saurare. Wanda ya san ƙawarki ta nemi atamfa jiya, ya san kun yini a gida ɗaya, ya san bikin ƙanwarki saura wata guda, ai ba sai ya kasa kunne a bakin taga ba.

Wani zai ce ai WhatsApp a kulle yake. Gaskiya ne, tun 2016 ake rufe saƙonninsa ta yadda daga mai turawa sai mai karɓa ne ke iya karantawa, kuma wannan abin a yaba ne. Amma mu ɗauka akwai mai gadi a bakin layinmu wanda ba ya jin abin da ake faɗa a cikin ɗaki, sai dai yana rubuta wane ya shiga gidan wane, da ƙarfe nawa, ya yi minti nawa, sau nawa a mako. Bayan shekara guda, me ya rage bai sani ba? Ya san wanda ke zuwa zance, ya san wanda ke bin bashi, ya san gidan da ake jinya. Irin waɗannan bayanai na gefe kulle bai rufe su ba. Facebook ya sayi WhatsApp a 2014 kan dala biliyan 19, aka yi ta ba mutane tabbacin babu abin da zai sauya. A 2016 WhatsApp ya fara miƙa lambobin masu amfani da shi ga Facebook. A 2017 Tarayyar Turai ta ci Facebook tarar yuro miliyan 110 saboda bayanin da ya ba ta lokacin cinikin bai zama gaskiya ba.

To, ko da mun yarda su tara, shin suna iya riƙewa? Tarihin 'yan shekarun nan ya ba da amsa.

A 2013 Edward Snowden, wanda ya yi aiki da hukumar leƙen asirin Amurka ta NSA, ya fito da takardun da suka nuna hukumar tana samun bayanan mutane daga manyan kamfanoni irin su Google da Facebook da Microsoft da Apple, a ƙarƙashin wani shiri mai suna PRISM. A 2018 kamfanin dillancin labarai na AP ya gano Google yana ci gaba da adana wuraren da mutum ya je ko da ya kashe maɓallin tarihin wurare. Sai a 2022 kamfanin ya amince ya biya jihohi 40 na Amurka dala miliyan 391.5 a kan wannan batu. A watan Afrilun 2021 aka watsa bayanan masu amfani da Facebook miliyan 533 daga ƙasashe 106 a wani dandalin masu kutse, kyauta ga duk mai so: suna, lambar waya, gari, wasu har da ranar haihuwa. Kimanin miliyan tara daga ciki 'yan Najeriya ne. Idan wani baƙo ya kira ka ya ambaci cikakken sunanka da garinku, ya ce daga banki yake, kada ka yi mamakin inda ya samo.

Akwai wanda ya fi taɓa mu. A Nuwambar 2020 shafin labarai na Motherboard ya bankaɗo cewa manhajar Muslim Pro, wadda miliyoyin Musulmi ke duba lokacin salla da alƙibla a cikinta, tana miƙa bayanan wurin da masu amfani da ita suke ga wani dillalin bayanai mai suna X-Mode, shi kuma cikin masu sayen hajarsa akwai 'yan kwangilar rundunar sojin Amurka. Masu manhajar sun musanta cewa sun sayar wa soja bayanai, suka kuma yanke hulɗa da dillalin. Amma darasin ya fito: akwai kasuwa sukutum da ake cinikin sawun ƙafarmu a cikinta, kuma mai haja na farko ba lallai ya san hannun da za ta ƙare ba.

Labarin da ya fi kama da na ɗan uwanmu shi ne na Cambridge Analytica, wanda ya fashe a watan Maris na 2018. Wani malamin jami'a mai suna Aleksandr Kogan ya ƙirƙiri 'yar manhajar tambayoyi a Facebook, irin waɗannan masu cewa amsa ka san halinka. Mutum kimanin 270,000 ne suka shiga. Amma tsarin Facebook na lokacin ya bar manhajar ta kwashi bayanan abokansu ma, waɗanda ba su san ana yi ba. Da haka aka tattara bayanan mutane har miliyan 87, kamar yadda Facebook da kansa ya ƙiyasta, aka miƙa wa kamfanin da ke yi wa 'yan siyasa aikin juya ra'ayin masu zaɓe. Ku yi lissafin: kowane mutum ɗaya da ya danna ya jawo wa sama da mutum ɗari uku. Mark Zuckerberg ya gurfana gaban majalisar dokokin Amurka ya ba da haƙuri, a 2019 kuma aka ci kamfanin tarar dala biliyan biyar. Kada mu ɗauka abin can nesa ne. Jaridar Guardian ta Ingila ta ruwaito cewa wani attajirin Najeriya ya ɗauki hayar wannan kamfani gabanin zaɓen 2015, har aka yaɗa wani bidiyo mai cike da hotunan zubar da jini don a tsorata masu zaɓe game da takarar Muhammadu Buhari. Ko wane ɓangare mutum yake a siyasa, ya kamata wannan ya tsaya masa a rai.

Mun san amsar da ake yawan bayarwa, domin mu ma mun sha faɗinta: "Ni talaka ne, me nake da shi da za a sata? Ba ni da abin ɓoyewa." Ɗan uwanmu ma ba shi da abin ɓoyewa. Bashin dubu goma sha biyar don maganin uwa ba abin kunya ba ne. Amma da aka ɗauke shi daga inda ya dace aka ajiye a gaban surukinsa, sai ya zama makami. Kowa yana da abin da likitansa ya sani amma ubangidansa bai kamata ya sani ba, da abin da matarsa ta sani amma maƙwabci bai kamata ya ji ba. Wannan ba rashin gaskiya ba ne, shi ne mutunci.

Sannan ga abin da Baba Malam ya so mu gane, wanda shi ne ainihin dalilin wannan rubutu. Abin da ke cikin wayarmu ba namu ba ne mu kaɗai. Lambar kakarmu tana ciki, ita da ko karatun boko ba ta yi ba, balle ta amince da wasu sharuɗɗa. Hoton 'yar yayarmu ranar suna yana ciki. Saƙon muryar aminiyar da ta yi mana kukan halin da take ciki a gidan aure yana ciki. Duk waɗannan ajiya ce aka ba mu. Da wani ya tare mu a hanya ya ce mu karanto masa lambobin matan gidanmu, da sai inda ƙarfinmu ya ƙare. Amma da manhaja ta tambaya da Turanci, cikin ladabi, da ɗan maɓalli mai launi, sai muka miƙa har da sunayen da muke kiransu da su a gida.

Mu marubuta nauyin ya fi yawa a kanmu. Wace marubuciya ce a zauren nan ba a taɓa turo mata saƙo an ce, "Anti, ga labarin rayuwata, ki rubuta amma ki ɓoye sunana" ba? Mata suna faɗa wa marubuta abin da ba su faɗa wa iyayensu ba. Mukan canza suna a cikin littafi, mu ji mun cika alkawari. Amma saƙon asali, da muryarta da lambarta da hotonta, yana nan kwance a wayarmu shekara biyu, yana kuma hawa ma'ajiyar intanet duk dare. Ranar da aka sace wayar, ko aka ƙwace mana asusu, ko muka sayar da ita ba mu goge ba, asirin wa zai tonu?

Ba muna cewa a jefar da waya a koma rubuta wasiƙa ba ne. Mu kanmu a wannan dandali muke wannan magana, kuma da ba don shi ba da yawancinmu ba mu san juna ba. A nan muke sayar da littattafanmu, a nan 'yan uwanmu mata ke tallar turaren wuta da yadi suna rufa wa kansu asiri. Ku tuna ranar Litinin 4 ga Oktoban 2021, da Facebook da WhatsApp da Instagram suka ɗauke kusan awa shida. Ciniki ya tsaya, wasu suka yi ta kashe waya suna kunnawa, wasu suka ɗora wa kamfanin layi laifi. Ranar muka gane kasuwarmu da zumuncinmu da makarantarmu duk a filin mutum ɗaya muka kafa su. Shi ya sa da WhatsApp ya fito da sababbin sharuɗɗa a Janairun 2021, ya ce ko a amince ko a bar shi, aka yi ta hayaniya ana cewa za a ƙaura, daga baya kusan kowa ya zauna. Yardar da mutum ya bayar alhali ba shi da wata mafita, wace irin yarda ce?

Ga kuma matsalar da ta fi shafar mutanenmu. Sharuɗɗan nan dogaye ne, da Turancin lauyoyi, wanda mu masu takardar ma sai mun yi da gaske. Iyayenmu kuwa da saƙon murya suke aiki. Idan sun sayi waya, yaron shago ne ke buɗe musu imel, shi ya zaɓi kalmar sirri, sau da yawa lambar wayarsu ce ko shekarar haihuwa, shi ya danna duk wani izini da aka nema. Su tafi gida ba su san an ƙulla yarjejeniya da sunansu ba.

Hukuma fa? An fara motsi. Turai ta fara aiki da dokarta ta kare bayanai a watan Mayun 2018, a ƙarƙashinta kuma aka ci Meta tarar yuro biliyan 1.2 a 2023. A nan gida, Shugaba Bola Tinubu ya sa hannu a Dokar Kare Bayanai ta Najeriya a watan Yunin 2023, wadda ta kafa hukumar NDPC, ta kuma ba ɗan ƙasa ikon tambayar abin da aka tara a kansa, da neman a gyara ko a goge. A shekarar ce kuma Google ya hana manhajojin bashi da ke rumbunsa shiga lambobi da hotunan mutane, kodayake masu yaɗa nasu ta bayan fage ba su daina ba. A watan Yulin 2024 hukumar kare haƙƙin masu saye ta FCCPC ta ci Meta tarar dala miliyan 220, bayan binciken wata 38, bisa zargin sarrafa bayanan 'yan Najeriya ba da cikakken izininsu ba, da kuma ba su kariyar da ba ta kai ta wasu ƙasashe ba. Kotun sauraron irin waɗannan ƙararraki ta tabbatar da tarar a Afrilun 2025. Wannan ci gaba ne. Amma idan aka auna da abin da kamfanin ya samu a 2024, tarar ba ta wuce kuɗin shigarsa na kimanin awa goma sha biyu ba. Don haka kada mu kwanta mu ce hukuma ta ɗauke mana.

Ga abin da muka yi a ƙungiyarmu bayan wancan zama, ko wani zai ƙaru. Mun ware rabin awa, kowa ya shiga saitin wayarsa, sashen izini, ya janye wa duk manhajar da ba ta da dalilin ganin lambobi ko hotuna ko wuri ko makirfo. Manhajar lokacin salla sunan gari ya ishe ta, ba sai ta bi mu duk inda muka sa ƙafa ba. Waɗanda ba ma amfani da su mun goge. Mun kunna tabbaci mai mataki biyu a WhatsApp da Facebook da imel, muka yi wa juna alkawarin ba za mu taɓa karanta wa kowa lambobi shidan nan da ake turowa ba, ko da ya ce shi shugaban zaure ne zai sa mu a taro. Mun kunna kullen ma'ajiyar hirarrakinmu, domin ba a kunne take zuwa ba. Mun daina barin hoton katin NIN da na banki a cikin hira. Kowa ya koma gida ya canza wa iyayensa kalmar sirrin da aka sa musu a shago. Mun kuma yi wa kanmu doka uku: ba ma ɗora hoton wani ko na ɗan wani sai mun tambaya, ba ma sanar da tafiya sai mun dawo, kuma duk labarin da mai karatu ya ba mu amana, da zarar mun rubuta za mu goge asalin.

Ba mu yaudari kanmu ba, wannan bai hana manyan kamfanonin sanin mu ba. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Amma mun rage abin da muke zubawa a cikinta, musamman abin da ba namu ba. Kuma akwai aikin da ya rage wanda namu ne mu masu alƙalami: mu yi wa mutanenmu wannan bayani da harshen da suke ji. Mu sa shi a gajerun labarai, a wasan kwaikwayon rediyo, a saƙon murya na minti biyu da za a tura wa gwaggo da inna. Idan mun iya sa mutum dubu su yi kuka a kan jarumar da muka ƙirƙira, za mu iya sa su duba saitin wayarsu.

Ɗan uwanmu ya dawo zama bayan wata uku. Baba Malam ne ya jagoranci dattawa biyu suka je suka yi wa mahaifin yarinyar bayani. An ɗaga bikin, daga baya aka ɗaura. Yana nan a shagon da yake aiki, sai dai har yau ubangidansa bai mayar masa da makullin durowar kuɗi ba, shi kuma bai tambaya ba. Ranar da ya dawo, bayan an tashi muna mayar da bencina, ya ce mana zagin ya daina damunsa. Abin da ke hana shi barci shi ne, surukinsa da hannunsa ya sa masa lambarsa a waya ranar da aka kai gaisuwa, don ya ɗauke shi ɗa, shi kuma ya miƙa ta ga mutanen da bai taɓa gani ba.

'Yan uwa, kafin ku yi tsokaci a ƙasa, ku yi abin da Baba Malam ya sa mu. Ku duba manhajoji nawa ne ke da izinin shiga lambobin mutanenku, ku faɗa mana adadin da kuka samu. Mu mun faɗi namu, goma sha ɗaya ne. Wanda kuma ya fi mu sanin wannan fanni, ƙofar gyara a buɗe take.

Allah Ya rufa mana asiri duniya da lahira, Ya ba mu ikon riƙe amanar da aka ba mu. Sai mun haɗu a mako mai zuwa.